Kwas ɗin da sai ka ci shi a buɗe maka na gaba, me za mu kira shi?

Jama'a, ina neman kalma. Mu uku muke haɗa manhajar waya da za ta taya ɗalibin jami'a tsara kwasa-kwasansa tun daga aji ɗaya har ya gama, kuma da Hausa muke son ta yi magana. Kwas, zango, yunit, kariyoba, duk mun bar su yadda ɗalibai ke faɗa. Inda muka cije shi ne prerequisite.

Abin ya taɓa cina, shi ya sa na damu. Ina aji ɗaya na faɗi MTH 102, wani kwas na lissafi, na ɗauka kariyoba ce kawai, in sake rubutawa a wuce wurin. Sai da na kai takardar rajista gaban kodinetan ajinmu ya sa jan biro ya soke kwas biyu, ya ce ba na ɗaukarsu sai na ci wancan. Ga shi yunit 24 ne iyakar abin da ake yarda a ɗauka a zango. Haka shekara guda ta ƙaru mini.

Kalmar da ta fara zuwa ita ce sharaɗi. Wani malaminmu ya tsaya a kanta, ya ce duk wanda ya je Islamiyya ya san alwala sharaɗin salla ce, babu ita babu salla. Hujjarsa tana da ƙarfi. Matsalar ita ce cikin manhajar akwai sharuɗɗan shiga jami'a, wato kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ga kuma sharuɗɗan amfani da manhajar kanta. In aka zuba na uku, ɗalibi zai rikice.

Share fage ba ta yi ba, don kowa zai ɗauka karatun rimediyal ake nufi.

Tsani na so ƙwarai. Ya tuna mini karatun zaure, inda ake bi daga Ahalari zuwa Ishmawi, Iziyya, sannan Risala, ba a tsallake. Amma tsani hawa ɗaya ne a miƙe. A jami'a kwas guda yakan tsare ƙofar kwas uku a sassa daban-daban, wani kwas ɗin kuma sai an ci biyu kafin a shige shi.

A nan ƙanwata, wadda ke aji biyu yanzu, ta leƙo allon kwamfutar ta ga hoton kwaɗon ƙofa da muka sa a kan kwas ɗin da ba a isa ɗauka ba. Ta ce, “Yaya, tunda kun sa kwaɗo, ai wancan mabuɗi ne.”

Mun gwada a allon waya: “A kulle yake. Mabuɗinsa: MTH 102.” Gajere ne, ya shiga layi ɗaya. Mabuɗi ɗaya yana buɗe ƙofa uku, ƙofa ɗaya kuma tana iya neman mabuɗai biyu. Ni dai mabuɗi na zaɓa, sai in wani ya kawo wadda ta fi ta.

Saura corequisite, kwas ɗin da dole a ɗauke shi tare da wani a zango ɗaya, kamar fizis da firatikal ɗinsa. Abokin tafiya muka sa na wucin gadi. 'Yan'uwa na jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram, ku da kuke karatu da Faransanci, me kuke ce wa waɗannan biyun in kuna hira da Hausa?