Koci ko mai tsara rawa: wa ke kawo zinare a rawar kan ƙanƙara?

Malam Aminu, Fagge:
Jama'a, ra'ayina shi ne koci ne ke cin gasa, mai tsara rawa kuwa ado kawai yake ƙarawa. Ku dubi Brian Orser na Kanada: a hannunsa Yuna Kim ta Koriya ta Kudu ta ci zinaren Olamfik a 2010, kuma a hannunsa Yuzuru Hanyu na Japan ya ci a 2014 da 2018. Mutum ɗaya, zinare uku, ai ba a kiran wannan sa'a.

Hajiya Binta, Gwale:
Malam Aminu, da girmanka, amma ka ambaci rabin labari. David Wilson ne ya tsara wa Yuna Kim rawarta, Hanyu kuwa ya yi aiki da Jeffrey Buttle da Shae-Lynn Bourne. Tun da aka yi watsi da tsohon tsarin maki 6.0 bayan badaƙalar alƙalanci ta 2002, maki ya kasu biyu, akwai na tsalle da juyi, akwai kuma na tsarin wasan da yadda aka gabatar da shi tare da kiɗa. Yadi mai tsada daga Kantin Kwari, in tela ya ɓata ɗinki, wa zai yaba?

Malam Aminu:
Hajiya, ashe ba yadin ne ya fi wuyar samu ba? Ilia Malinin ya zama na farko da ya sauke tsallen Axel mai juyi huɗu da rabi a gasa, a Satumban 2022, kuma iyayensa ne ke horar da shi. Wannan aikin shekaru ne na faɗuwa a kan ƙanƙara da tashi, koci yana tsaye a bakin shinge yana gyara yadda ƙafa za ta tashi da inda kafaɗa za ta tsaya. Mai tsara rawa yakan zo ne na ɗan lokaci kafin kakar wasa, ya koma.

Sadiq, Tarauni:
Yayyena, ku ba ni dama in tsoma baki, domin gasar mata ta Olamfik ta 2018 ta fi kowane misali warware wannan magana. Alina Zagitova da Evgenia Medvedeva koci ɗaya gare su, wato Eteri Tutberidze, don haka ba za a ce horo ne ya raba su ba. A lokacin, duk tsallen da aka yi a rabi na biyu na wasa ana ƙara masa kashi 10 cikin 100, saboda ƙafa ta gaji, sai aka tura dukkan tsallen Zagitova zuwa can, ta cika rabin farko da juyi da taku. Ta yi nasara da maki 239.57, Medvedeva na da 238.26. Dabarar ta yi tasiri har sai da hukumar wasan ta duniya ta taƙaita ƙarin ga tsalle uku na ƙarshe a dogon wasa (wasa biyu ake yi a gasar, gajere da dogo, a haɗa makinsu).

Malam Aminu:
To ƙanena, wa ya ba Zagitova numfashin da za ta yi tsalle bakwai a jere bayan minti biyu tana zamiya? Kuma da wuya a jera wasa haka ba tare da koci ya amince ba.

Hajiya Binta:
Amincewa daban, Malam, tsarawa daban. Sadiq, a dogon wasan ma ai kunnen doki suka yi, 156.65 kowacce, a gajeren wasa aka samu tazarar.