Tafiya Arewacin Saifurus: ta Istanbul zuwa Erjan, ko ta Larnaka?

Baban Zainab, Kano

Assalamu alaikum. 'Yata ta samu gurbin karatun harhaɗa magunguna a wata jami'a da ke Magusa, a arewacin tsibirin Saifurus, kuma ina so in raka ta da kaina a watan Satumba, in ga masaukinta, in yi kwana goma in dawo. Dukanmu fasfon Najeriya ne da mu, kuma ban da bizar Umara babu wata biza a cikinsa. Mai yanka mana tikiti ya kawo hanyoyi biyu: ɗaya daga Abuja zuwa Istanbul sannan filin jirgin Erjan da ke arewacin tsibirin, ɗayar kuma daga nan Kano ta Alƙahira zuwa Larnaka, wadda ya ce ta fi araha, ga shi ba sai mun je Abuja ba. Wacce ya kamata mu bi? Sannan idan mun isa, shin motocin haya sun wadatar da ɗaliba, ko kuwa in yi ƙoƙari in saya mata ƙaramar mota tunda ta iya tuƙi?

Injiniya Sabo, Mancesta

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka bi ta Larnaka, kada ka yi ko shakka. Bara na kai iyalina hutu, muka sauka can, na ɗauki hayar mota a filin jirgin, muka tsallaka ta mashigar Derinya wadda aka buɗe a 2018, kuma cikin kamar awa guda muna cin abinci a gindin ganuwar Magusa.

Abdulhadi, Lefkosha

Injiniya, da girmamawa, da wane fasfo ka shiga? Alhaji ya faɗa a sarari cewa koren fasfo ne a hannunsa. Tun 1974 tsibirin nan a rabe yake: kudu ita ce Jamhuriyar Saifurus, wadda ta shiga Tarayyar Turai a 2004 kuma take kashe yuro, arewa kuwa ta ayyana kanta ƙasa a 1983, amma Turkiyya kaɗai ta amince da ita, kuma lirar Turkiyya muke kashewa. Larnaka a kudu take, saboda haka sai da bizar da hukumomin kudu suka yarda da ita za a bar ku ku hau jirgin ma tun daga Kano, kuma takardar shiga jami'ar arewa ba abin da za ta amfana muku a wurinsu. Wannan rabuwar ce ta sa duk jirgin da zai sauka Erjan sai ya taso daga Turkiyya. Baba, ka tambayi mai tikitin nan ko ya taɓa tura ɗalibi ko ɗaya ta Larnaka.

Maman Khalifa, Kaduna

Ni dai ba zan ce komai a kan Larnaka ba, amma hanyar Istanbul ɗin ma sai an buɗe ido, domin abin da ya same ni a 2022 har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Wani ejan ya yanka mana tikiti ni da ɗana, ya ce ya samo mana mai rahusa, ashe tikiti biyu ne na kamfanoni daban-daban ya haɗa mana. Mun tashi daga Abuja, muka yi kusan awa bakwai a sama, muka sauka a babban filin jirgin Istanbul, ina ta duba allo ina neman jirgin Erjan ban gani ba. Sai wata ma'aikaciya ta karɓi takardar, ta sa farce a ƙarƙashin haruffa uku, SAW, ta ce jirginmu daga Sabiha Gokcen zai tashi, wato wani fili daban da ke ɓangaren Asiya, a ɗaya ƙarshen birnin. Muka bi layin buga fasfo, muka jira akwatuna huɗu, muka shiga bas, cunkoso ya riƙe mu kafin gada, kuma ko da muka isa an rufe karɓar kaya. Na sayi sabon tikiti da kuɗin da na ƙulle na hayar ɗakin yaron. Bai ƙare a nan ba, domin jirgin farko ya ba kowannenmu akwati biyu, na biyun kuwa nauyin da ya yarda da shi bai kai rabin haka ba. Na durƙusa a gaban ma'auni, jama'a na wucewa suna kallona, ina fitar da garin kunu da kuka da busasshiyar kuɓewa ina zubawa a kwandon shara, yaron yana cewa, "Umma, ki bar daddawar ma, mutane suna toshe hanci." Da na kira ejan ɗin sai ya ce ai Istanbul duk Istanbul ce. Har yanzu ban ga ko sisin kwabo daga hannunsa ba.

Malam Ɗanjuma, Zariya

Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma daddawar da ta ƙetare Sahara da Bahar Rum sannan ta ƙare a kwandon sharar Santambul, ai ta fi da yawanmu yawon duniya.

Maman Khalifa, Kaduna

Malam, ka yi dariyarka, ba kai ka kwana a kan kujerar ƙarfe ba. Alhaji, ka tabbatar tikiti ɗaya ne tun daga Abuja har Erjan, kuma a rubuta ECN, wato alamar filin Erjan, a jikin takardar da za a liƙa wa akwatunan.

Nura, Konya

Akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata, wato jirgin ruwa. Daga Tashuju, a gaɓar kudancin Turkiyya, ana tashi zuwa Girne, a gaɓar arewacin Saifurus. Mai gudun yakan yi awa biyu da wani abu, babban da ke ɗaukar motoci kuma yakan tashi da dare ya isa da safe. Akwai kuma wanda ke tashi daga Mersin kai tsaye zuwa Magusa, sai dai kwana ake yi a kan teku. Na bi sau biyu, kuma ba wanda ya tsananta mini a kan nauyin kaya.

Abdulhadi, Lefkosha

Nura, kai mazaunin Turkiyya ne. Dattijon da ya taso daga Kano da akwatuna zai sauka Istanbul, ya sake yin tafiyar dare guda a bas zuwa bakin teku, don ya guje wa jirgin awa ɗaya da rabi? Baba, daga Erjan akwai bas ɗin Kibhas da ke kai mutane Magusa da Girne da Lefkosha, kuma jami'o'i da dama suna turo motar ɗaukar sababbin ɗalibai idan an sanar da su ranar sauka. Tasi kuwa tafiyar kamar minti 40 ce, kuma ni lira 200 na biya lokacin da na zo.

Hauwa'u, Magusa

Yaya Abdulhadi, lira 200 a wace shekara? A farkon wannan zangon an karɓi lira 1,500 a hannuna, kuma ƙawata da ta sauka da tsakar dare ta ce fam 40 direban ya nema, ya ƙi karɓar lira sam.

Abdulhadi, Lefkosha

A 2019 ne, lokacin da dala ba ta kai lira 6 ba. A 2024 ta haura lira 30, don haka na yarda lissafina ya tsufa.

Injiniya Sabo, Mancesta

To ga shi nan, wanda ya yi mini gyara shi ma farashin shekarun baya yake rabawa. Na amince fasfon Birtaniya na shiga da shi, amma ban ga dalilin da zai sa a yi watsi da maganar wanda ya tuƙa mota a ɓangarorin biyu, a ɗauki ta ɗalibin da bai taɓa leƙa kudu ba.

Hauwa'u, Magusa

Ranka ya daɗe, rashin leƙawar tasa ita ce hujjar. Yawancinmu muna ganin kudu daga saman bene, amma fasfonmu ba ya ƙetare shingen. Game da mota, Baba, ni ban ba da shawarar a saya mata ba a shekarar farko. Bas ɗin makaranta kyauta ne, Magusa kuma ba wani babban gari ba ne, daga titin Salamis mutum zai sami kusan duk abin da yake buƙata da ƙafa. Tsakanin garuruwa akwai ƙananan bas da ake kira dolmush, sai dai da yamma ta yi suke janyewa, ranar Lahadi kuma sai an yi haƙurin jira. Jirgin ƙasa babu shi, tun 1951 aka rufe wanda Turawan mulki suka shimfiɗa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne a hannun hagu ake tuƙi, gadon mulkin Ingila da ya ƙare a 1960, kuma a makon farko sau biyu na kusa shiga gaban mota saboda ɓangaren da na saba dubawa ba shi ne motar ke fitowa ba.

Malam Ɗanjuma, Zariya

Mu da muka ga canjin hannu a Najeriya a 1972 wannan ba zai ruɗa mu ba. Alhaji, idan ka kai shekaruna, kai ka riƙe sitiyarin, hannun zai tuna da kansa.

Maman Khalifa, Kaduna

Kuɗin motar nan ka adana shi saboda haya, Alhaji, domin a nan ne ake yanka mu. Da fam na Ingila masu gida suke yanka kuɗin ɗaki, alhali kai naira kake samu, yaron kuma lira yake kashewa, sai ka yi canji biyu kafin kuɗin ya isa. Mu an karɓi na wata shida a dunƙule, da kuɗin ajiya na wata biyu, da ladan dillali, kuma da yaron ya tashi aka ce bango ya yi datti, aka riƙe ajiyar gaba ɗaya. Ejan ɗin da ya ce mini "Turai za shi" bai taɓa ambata mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Nura, Konya

Wannan magana ta "Turai" ita ce babbar yaudarar. Na san waɗanda sai da suka sauka Erjan suka ga tutar Turkiyya sannan suka fara tambayar inda aka kawo su.

Baban Zainab, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira mai tikitin, ya ce zai bincika batun Larnaka ya kira ni, har yanzu shiru. Hauwa'u, 'yata, shin ɗakin kwanan makaranta ma da fam ake biya, kuma ana barin uba ya kwana a ciki, ko sai na nemi otal na kwana goman?