Bukukuwan addini na mutanen Punjab: wane lissafi ake bi, kuma me baƙo zai kiyaye?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman bayani daga waɗanda suka san ƙasar Punjab, ko ɓangaren Indiya ko na Pakistan. Ƙanena zai tafi karatu wajen Jalandhar, kuma yana son ya san bukukuwan mutanen tun kafin ya sauka. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ranakun. Wani wuri an ce Baisaki 13 ga Afrilu ne, wani wuri an ce 14. Bikin haihuwar Guru Nanak kuwa kowace shekara da ranarsa. Wane lissafi suke bi? Sannan Musulmi baƙo zai iya zuwa kallo? Idan zai iya, me zai kiyaye, musamman ta wajen abinci?

Malam Tanimu ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ruɗanin naka yana da dalili, domin lissafi uku ne ke tafiya tare a ƙasar, kuma sai ka san wanda biki yake bi kafin ka san ranarsa.

Na farko lissafin rana ne. Baisaki shi ne ɗaya ga watansu na Baisak, ranar da rana ke shiga sabon buruji, shi ya sa yake faɗawa 13 ko 14 ga Afrilu, ba ya wuce nan. Asalinsa murnar girbin alkama ce. Ya zama babbar ranar mabiya addinin Sikh ne saboda a Baisakin 1699 Guru Gobind Singh, na goma cikin jagororin addinin da ake kira Guru, ya tara jama'a a Anandpur Sahib ya kafa ƙungiyar Khalsa da mutum biyar na farko. A ranar Baisaki ta 1919 kuma sojojin mulkin mallakar Ingila suka buɗe wa taro wuta a Jallianwala Bagh cikin Amritsar, don haka ranar tana da ɗaci a garin ban da murna. Lohri da Maghi, 13 da 14 ga Janairu, su ma wannan lissafin suke bi.

Na biyu lissafin wata ne wanda ake ɗaure shi da rana, irin na kalandar Bikrami. Wata goma sha biyu ba su cika shekarar rana ba, sai a riƙa ƙara wata guda kusan duk bayan shekara uku. Sakamakon haka bikin yana matsawa gaba da baya cikin makonni kaɗan, amma ba ya barin lokacinsa. Haihuwar Guru Nanak, wanda ya kafa addinin Sikh kuma aka haife shi a 1469, ana yin ta daren da watan Katak ya cika, kusan kullum cikin Nuwamba. Hola Mohalla na Sikh na biyo bayan bikin Holi na Hindu da kwana ɗaya, cikin Maris. Bandi Chhor kuma, wanda ke haɗuwa da bikin Diwali na Hindu, tunawa ne da fitowar Guru Hargobind daga kurkukun Gwalior tare da sarakuna 52.

Na uku namu ne na hijira, wanda ke ja baya da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara. Da shi ake yin yawancin tarukan tunawa da wafatin waliyyai.

Inda ake samun matsala ta gaske shi ne cikin Sikh ɗin kansu. A 2003 aka karɓi kalandar Nanakshahi wadda ta kafe yawancin ranakun a lissafin rana, alal misali haihuwar Guru Gobind Singh 5 ga Janairu. A 2010 aka yi mata gyara aka mayar da wasu ranaku kan wata, wasu wuraren ibada kuma suka ƙi bin gyaran. Saboda haka kana iya ganin gari biyu sun yi biki ɗaya a ranaku daban, kuma a lissafin wata haihuwar Guru Gobind Singh kan zo sau biyu cikin shekarar miladiyya ɗaya, wata shekarar kuma babu. Shawarata, kada ƙanenka ya dogara da ranar bara. Ya duba kalandar da hukumar SGPC ta Amritsar, mai kula da manyan wuraren ibadar Sikh, ke fitarwa duk shekara, ya kuma tambayi wurin ibadar da ke kusa da shi.

Hajiya Asabe ta amsa:

Malam Tanimu ya gama da lissafi, bari in shiga cikin gurdwara, wato wurin ibadar Sikh, tunda a wajen Jalandhar nan zai fi ganin biki.

Shiga ba a hana kowa, ba kuma a tambayar addininka. Amma akwai ƙa'idoji huɗu da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansu: ka cire takalmi da safa ka ajiye a ma'ajiya, ka wanke hannu da ƙafa, ka rufe kai ko namiji ne kai, kuma kada sigari ko taba ko giya su kasance a jikinka ko da cikin aljihu ne. Akwai ƙyallayen ɗaure kai a bakin ƙofa kyauta. A cikin zaure a ƙasa ake zama, kada ka miƙe ƙafa wajen littafinsu, kada kuma ka juya masa baya kana hira. Su suna zuwa gabansa su sa goshi a ƙasa. Baƙo ba dole ba ne ya yi haka, ya wuce gefe ya zauna cikin natsuwa, babu mai ce masa komai. Wannan ya kamata yaron ya sani tun daga gida, don kada layi ya kwashe shi har gaba ya rasa yadda zai yi.

Bikin tunawa da Guru yana farawa ne kwana biyu kafin ranar. Ana karanta littafinsu, Guru Granth Sahib, daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Shafi 1430 ne, ana kammalawa cikin kimanin awa 48, ka ga kusan shafi 30 ke nan a kowace awa. Makaranta suna karɓa-karɓa, yawanci awa bibbiyu, kuma mai karɓa yana ɗaukar karatun daga bakin mai tashi a tsakiyar layi don kada sauti ya yanke. Idan aka fara a makare, ko makarancin dare ya yi nawa, to saukar ba za ta zo da safiyar bikin ba, shi ya sa ake ajiye mai tsaro a gefe yana duba lokaci yana tashin mai zuwa. Kwana ɗaya kafin ranar ake fita zagayen gari da littafin a kan mota mai ado, mutum biyar riƙe da takubba a gaba, masu shara suna share hanya. Ranar nan tituna a rufe suke, mai jarrabawa ko mai kama jirgi ya fita da wuri.

Abinci iri biyu ne, kuma a nan baƙi ke haɗa su. Akwai langar, ciyarwar kyauta ga kowa: wake ko makamancinsa, gurasar alkama, kayan lambu, wani lokaci shinkafa da madara. Babu nama ko ƙwai a ciki. Ana zama a ƙasa layi-layi, ka tara hannu biyu a sa maka gurasa, kuma barin saura a faranti abin kunya ne, don haka ka karɓi kaɗan, za su sake zagayowa. Sai kuma karah, wanda ake yi wa addu'a a taɓa shi da wuƙar ibada kafin a raba a cikin zaure. Wannan ɓangaren ibadarsu ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya fita kafin rabo. Abin da ba shi da kyau shi ne ka karɓa sannan ka yar.

Don a san abin da ke ciki: garin alkama kofi ɗaya, man shanu kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya, ruwa kofi biyu zuwa uku. Ana narkar da sukarin a ruwan zafi daban, a soya garin cikin man a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi ja ya yi ƙamshi, sannan a zuba ruwan da zafinsa. Ruwan sanyi gudaji yake kawowa, wuta mai yawa kuma tana ƙona garin ya yi ɗaci.

Inda zai yi hattara sosai shi ne naman kasuwa. Yawancin mahautan Sikh sara ɗaya suke yi wa dabba, ba yankan Musulunci ba ne. Ya nemi shagon da aka rubuta halal, ko ya tambayi Musulmin gari. Malerkotla gari ne da Musulmi suka fi yawa a Punjab ta Indiya.

Yaya Bashir ya amsa:

Na gaishe ku Malam da Hajiya. Ni ta ɓangaren Pakistan zan ƙara, don a can mafi yawan mutanen Punjab suke, kuma Musulmi ne. Manyan tarukansu bayan salloli biyu su ne na wafatin waliyyai, wanda suke kira urs.

A Lahore akwai na Shehu Ali Hujwiri a Data Darbar, 18 zuwa 20 ga Safar, inda masu shanu ke kawo madara a raba kyauta. A Pakpattan akwai na Baba Farid na ɗariƙar Cishtiyya. Akwai wata ƙaramar ƙofa a hubbarensa da ake kira ƙofar aljanna, a rufe take duk shekara, sai daga 5 ga Muharram ake buɗe ta dare biyar. Mata ba sa bi ta cikinta. Ƙofar ƙarama, masu son wucewa dubbai, kuma a 2001 turmutsitsi ya ci rayuka da dama a wurin. Wanda zai je kada ya tafi daren farko, kada ya tsaya inda layi ya matse, kada ya ɗauki yaro ko tsoho. Tun bayan harin bam na 2010 a Data Darbar bincike ya tsananta a irin waɗannan wurare, babbar jaka ba ta shiga, kuma a kwanakin Muharram hukuma kan katse layin waya a wasu garuruwa, don haka ku ajiye wurin haɗuwa tun kafin ku shiga. Wani abin sha'awa, baitocin Baba Farid suna cikin littafin Sikh ɗin da Hajiya ta ambata, shi ya sa su ma suke girmama shi.

Amma a lura, ba kowane urs ne ke bin hijira ba. Mela Chiraghan, bikin fitilu na Shah Hussain a unguwar Baghbanpura kusa da lambun Shalimar, ƙarshen Maris ake yin sa duk shekara. Na Bulleh Shah a Kasur kuma wajen ƙarshen Agusta. Dukansu biyun 'yan Ƙadiriyya ne, ɗariƙar da muka sani a Kano da Sakkwato, kuma mutanen Punjab na raya 11 ga Rabi'us Sani don Shehu Abdulƙadir Jilani. Ga ƙanenka da zai zauna ɓangaren Indiya, akwai na Shehu Ahmad Sirhindi, babban malamin Naƙshbandiyya da ya rasu a 1624, a garin Sirhind, ƙarshen Safar.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: malaman can ba bakinsu ɗaya ba a kan waɗannan taruka. 'Yan Barelwi suna raya su, 'yan Deoband da Ahlul Hadis suna sukar abubuwa da yawa a ciki, musamman kiɗan ganga da rawar da ake yi a wasu hubbarori. Baƙo kada ya buɗe wannan muhawara a cikin taro.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Saura biyu: Lohri na wane addini ne? Kuma idan ɗaya tak zai halarta, wanne za ku zaɓar masa?

Malam Tanimu ya amsa:

Lohri ya fi kusa da al'ada fiye da ibada. Hindu da Sikh duk suna yi a tsakiyar sanyi: a hura wuta a tsakar gida da daddare, a zagaye ta ana jefa riɗi da gyaɗa da gugguru da mazarƙwaila, ana waƙar Dulla Bhatti, wani jarumi Musulmi na zamanin Sarki Akbar. Gidan da aka yi haihuwa ko aure a shekarar ya fi kowa shagali. Washegari, Maghi, shi ne mai nauyin addini, domin a Muktsar ake taruwa don tunawa da mutum 40 da suka mutu suna kare Guru Gobind Singh a 1705. Sai dai hazon Janairu yana rufe hanya ruf, jiragen ƙasa na makara da sa'o'i, tafiyar asuba a mota haɗari ce.

Idan ɗaya ne, ni Hola Mohalla zan ce, a Anandpur Sahib. Kwana uku ake yi, kuma ranar ƙarshe mayaƙan Sikh da ake kira Nihang ke fitowa cikin shuɗin kaya da manyan rawuna, da takubba da masu, ana sukuwa, wani ma a tsaye kan dawaki biyu. Wanda ya saba da hawan sallah ba zai ji baƙunci ba. Ya tafi da sassafe don motoci na tsayawa nesa da gari, sauran tafiyar da ƙafa ce. Ya tsaya bayan shinge, domin dawakin na kutsawa cikin 'yan kallo. Ya sa kayan da ba ya jin asararsu saboda garin kala da ake watsawa. Abinci ba zai saya ba, ƙauyukan da ke kan hanya duk suna kafa langar. Abu ɗaya da zai ƙi karɓa shi ne wani koren abin sha da wasu Nihang ke daka wa da almon a sansaninsu, domin akwai ganyen wiwi a ciki.