Na rage tuwo amma sikeli bai motsa ba, ina matsalar take?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan ina fama da rage ƙiba. Shekarata 35, nauyina kilo 82, tsayina santimita 162. Ƙanwata mai aikin jinya ta yi min lissafin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) da wata dabarar lissafi mai suna Mifflin: nauyi sau 10, a haɗa da tsayi sau 6.25, a cire shekaru sau 5, mace ta ƙara cire 161. Ya ba da kalori kusan 1,500, abin da jikina ke ƙonawa ko da wuni na yi a kwance. Da hidimar gida ya kai wajen 2,100. Na koma malmala ɗaya da dare, amma shiru.

Hajiya Mai Ɗinki: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, leƙa tukunyar miyarki. Ni ma tuwo na yi ta zargi, sai ranar da na daina tuttulo manja daga galan, na auna da babban cokali. Takwas na ƙirga, a miyar mutum huɗu! Kowane cokali kalori 120 ne, manja da man gyaɗa duk ɗaya, domin giram ɗaya na mai yana da 9, na gari kuwa wajen 4 kacal. Ga suyar ƙosai da safe, wadda ko tunaninta ban yi ba. Na koma cokali uku, na ƙara daddawa da busasshen kifi. Maigida ma bai lura ba. Ana cewa in ka rage kalori 500 kullum, wajen rabin kilo ke sauka a mako, kuma kusan haka na gani, sai dai bayan wata uku abin ya yi sanyi, dole na sake lissafi da sabon nauyina.

Ɗan Garuwa: Ni kuwa Hajiya ƙari nake nema. Turin kurar ruwa ya tsotse ni, kilo 58 ga tsawo. Fura da nono bayan azahar da gyaɗa cikin aljihu su suka taimake ni.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri. Yanzu na tuna shayina na safe da na dare, suga cokali uku da madarar gwangwani, ban taɓa sa shi a lissafi ba. Yau kuɓewa zan kaɗa, kuma da cokali zan zuba man.