Asalin Kalmar "Salamat" a Harshen Tagalog

Masu tattaunawa kan asalin kalmar "salamat", wadda mutanen Filifin ke godiya da ita, sun fi ba da shawarar a bi hanyar da kalmar ta biyo maimakon a dogara da kamar sauti kawai. Tushenta Larabci ne, inda Hausa ma ta samo "salama", amma ba kai tsaye ta shiga Tagalog, ɗaya daga manyan harsunan Filifin, ba. Ta ratsa ta harshen Malay, wanda ke da "selamat" da ma'anar aminci, kuma wannan ya dace da tarihi, domin kafin Sifaniyawa su kama Manila a 1571 sarakunan birnin Musulmi ne masu alaƙa da Brunei, masarautar masu magana da Malay.

Shawara ta biyu, wadda a ganina ta fi nauyi, ita ce a fara tantance ko kalma gadon dangin harsunan Ostironesiya ce, wato dangin da Tagalog da Malay suka fito, kamar "mata" mai nufin ido a Tagalog, kafin a jingina ta ga aro daga Sanskirit (tsohon harshen Indiya) ko Sifaniyanci. An kuma ce a duba tsoffin ƙamusoshi, musamman na Tagalog wanda ɗan mishan Pedro de San Buenaventura ya wallafa a 1613.