Fawa fak mai wat 1200: buƙata ce ko burga?

Abba: Salam 'yan uwa. Wallahi yau raina a ɓace yake. Ƙanina ya daɗe yana tara kuɗi zai haɗa kwamfutar gem, firosesa Ryzen 5 5600 da katin hoto RTX 3060, sai wani mai shago ya yi masa daɗin baki ya ɗora masa fawa fak (akwatin da ke ba kayan cikin kwamfuta wuta) mai wat 1200, wai gem zai fi gudu. Katin nan wat 170 yake ci, Nvidia masu katin da kansu fawa mai wat 550 suka ce ta isa. Da kuɗin da aka narka a fawa ya ƙara ya sayi katin da ya fi wannan. Ni dai na faɗa, duk wanda ya saka fawa wat 1000 zuwa sama a ɗakinsa almubazzaranci yake yi, don dai a ɗauki hoto a yi burga.

Nura: Almubazzaranci? Abba ka san nauyin abin da ka faɗa kuwa? Alƙur'ani ya ce almubazzarai 'yan'uwan shaiɗanu ne. Wato ni da na saka 1000 ɗan'uwan shaiɗan ne kenan?

Abba: Ni ban kira sunan kowa ba. Idan ka tsargu, kai ka sani.

Nura: "Duk wanda" ka ce. Ina cikin duk wandan.

Malam Sani: A'a, ku tsaya. Malamai sun bambanta israfi da tabziri. Israfi shi ne ka wuce gona da iri a abin da ya halatta, tabziri kuwa ka zuba dukiya inda bai dace ba. Na ƙanin Abba israfi ne, idan ma an matsa.

Khalifa: To Malam, ita kanta kwamfutar gem ɗin a wane layi take? Hhhh

Malam Sani: Khalifa bana son raini. Ni da kwamfutata zanen gine-gine nake yi.

Injiniya Bala: Ku bari in sa baki. Abba ya yi gaskiya a kan ƙaninsa, amma ya yi kure da ya haɗa kowa. RTX 4090 da ta fito a 2022 wat 450 take ci, kuma 850 aka ce a saka mata. RTX 5090 ta 2025 kuwa 575 take ci ita kaɗai, Nvidia suka ce a nemi 1000. Ka ɗora firosesa mai ƙarfi a kai, ka ga 1200 ba wasa ba ne a wajen irin wannan mutumin. Sannan manyan katunan nan suna fizgar wuta bagatatan, na ɗan ƙiftawar ido, fiye da abin da aka rubuta musu. Idan fawa ba ta iya ɗauka ba, kana tsakiyar gem allo zai yi baƙi, kwamfuta ta mutu kamar an ɗauke wuta. Dalilin da ya sa aka fito da tsarin ATX 3.0 kenan a 2022, wanda ya ce dole babbar fawa ta jure ninkin ƙarfinta sau biyu na wannan ɗan lokacin.

Khalifa: Duk wannan matsalar 'yan Nvidia ce. Ku ne dai wayar 12VHPWR ta riƙa narke muku a bakin kati. Mu masu katin kamfanin AMD muna kallo.

Nura: An gyara ta, an kawo 12V-2x6. Kuma da yawa ba su tura filogin ya shige har ƙarshe ba ne.

Khalifa: Kullum laifin mai saye ne, ba na kamfani ba. Nawa suke biyanka?

Ummi: Yaya Abba ni fa abin da ya dame ni mita ce. Tun da aka kai Band A naira 225 kowane unit a Afrilun 2024 nake lissafin komai. Wat 1200 ai cinye unit zai yi kafin a gama haɗa bidiyo ɗaya.

Injiniya Bala: Ba haka take aiki ba ƙanwata. Lambar da ke jikinta iyakar abin da za ta iya bayarwa ce, ba abin da take ja kullum ba. Idan kayan ciki wat 300 suke nema, shi za ta bayar, sai ɗan abin da ya tafi a zafi. Mai tambarin 80 Plus Gold tana miƙa kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja idan tana rabin lodinta. Asarar ƙanin Abba a shago aka yi ta, ba a mita ba.

Nura: Kun ji ko? Injiniya ya ce ba almubazzaranci ba ne.

Injiniya Bala: Ban ce haka ba.

Ɗan Maraɗi: Ku kuna gardamar wat 1200, shin kuran ɗin ma, wato wutar lantarki, kuna da shi? Ƙaramin janareton nan naku wat 650 ne, 5090 da kayanta ma ba zai riƙe ba.

Khalifa: Ji mai magana. Wutar da muke ba ku? An yanke muku a 2023 kun ga yadda ta kaya.

Ɗan Maraɗi: An yanke mana, amma ku ɗin ta ƙaru muku ne? A duhu muka bar ku, a duhu muka dawo muka same ku.

Ummi: Don Allah wa ya kawo siyasa nan?

Abba: Ni har yanzu ba wanda ya ce min komai a kan mai shagon da ya cuci yaro.

Nura: Ka janye kalmar tukuna.

Abba: Ba zan janye ba. Kai da 1000 ɗinka wane kati ne a ciki? Faɗa mana.

Nura: Ina shirin sayen babba. Tanadi na yi.

Abba: Tanadin da tun bara muke ji.

Admin: To jama'a ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta daga bayanin Injiniya shi ne babbar fawa ba ta cin unit, kuma tana hana kwamfuta mutuwa, don haka wanda ya saka 1200 ya yi hangen nesa. Abba ya yi kuskure da ya jefi mutane da kalmar da ba ta dace ba, muna fatan zai nemi afuwar Nura. Maganar AMD ba ta da hurumi a nan, kowa ya san inda inganci yake. Batun mai shago kuwa, ba mu ji ta bakinsa ba, kuma 'yan kasuwa ma suna da iyali. Wanda yake buƙatar 1000 ko 1200 Gold sabuwa a kwali ya yi min magana ta gefe, saura guda uku.