Manhajar da za ta nuna wa ɗalibai yadda kwamfuta ke aiki daga ciki

Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin kwamfuta a wata ƙaramar sakandare a Argungu, kuma na maƙale. Kwamfutocinmu tsofaffi ne, Windows 7 ke kansu, RAM (ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi) 2GB, ba intanet, wuta kuma sai mun tada janareta.

Yara sun haddace "CPU ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta" tamkar karatun allo, amma da na tambayi ɗan aji biyu me ke faruwa tsakanin danna harafi da fitowarsa a fuskar kwamfuta, sai ya yi shiru. Wannan ne ke ci mani tuwo a ƙwarya.

Na gwada manhajar Scratch. Sabon ya ƙi hawa, Windows 10 yake nema. Na koma Scratch 2, shi ma sai da na nemo wata manhajar da yake buƙata, Adobe AIR, kafin ya buɗe. Yara sun ji daɗinsa, to amma tsara umarni yake koyarwa, bai nuna cikin na'urar ba. GCompris, tarin wasannin koyarwa na yara, ya hau lafiya, kuma wasan ƙwayayen lantarki da ke koya lissafin 0 da 1 ya yi amfani ƙwarai, sai dai sauran wasannin na ’yan firamare ne, manyan suka raina shi. Logisim kuwa, na zana da'irorin lantarki na kwamfuta, ya yi wa yaran nauyi, minti goma suka watse.

Don Allah malamai, wace manhaja kyauta ce, mai aiki ba intanet a kan Windows 7, da ke nuna a hoto mai motsi yadda bayani ke tafiya tsakanin madannai, RAM da CPU?